Baba yana firij har Disamba: ina ransa yake kafin ranar tashi?

Rifkatu:
Salama gare ku iyayena da 'yan'uwa. Na gode wa duk wanda ya tako har Asawase a nan Kumasi ya yi mana gaisuwa, Allah ya bar zumunci. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar zaman sati ɗaya na Baba. Mai wa'azi ya ce Baba yana sama yanzu haka, yana waƙa tare da mala'iku. Da yamma maƙwabcinmu, mai sujada ranar Asabar, ya zo gaisuwa ya ce a'a, barci yake yi, bai san komai ba sai ran da Yesu ya dawo. Gwaggona kuwa 'yar Katolika ce, ta riga ta kai sunansa a yi masa Misa, ta ce yana bukatar addu'armu. Dukansu masu tsoron Allah ne, dukansu suna ƙaunar Baba.

Ga shi gawar tana firij, dangi sun sa jana'iza a Disamba don yayyena da ke waje su samu zuwa. Jiya 'yata mai shekara bakwai ta ce mini, Mama, in Kaka yana sama, to wa ke cikin firij? Na rasa bakin magana. Don Allah masu sani ku buɗe mana Littafi.

Mama Asabe:
Sannu da haƙuri 'yata. Allah ya ji ƙan Baba, ya ba ku dangana.

Danjuma:
Ya haƙuri, yaya Rifkatu? Ni ma ina nan na kasa kunne.

Baba Istifanus:
'Yata, sannu. Ni da mahaifinki mun daɗe muna zama benci ɗaya a majami'a, saboda haka tambayarki ta taɓa ni.

Ki gaya wa jikata haka: jikin Kaka ne a firij, kuma jikin nan ba abin yarwa ba ne, Allah zai tashe shi. Kaka kansa yana hannun Yesu. Yaro yana gane wannan sarai.

Ga inda na tsaya. Bulus yana ɗaure ya rubuta wa Filibiyawa, sura 1 aya 21 zuwa 23, cewa hankalinsa ya rabu biyu: ko ya zauna ya ci gaba da aiki, ko ya tafi ya kasance tare da Almasihu, wanda ya ce ya fi kyau nesa. Mutumin da ya san Yesu a raye, yana magana da shi cikin addu'a kullum, ba zai kira rashin sanin komai abin da ya fi kyau nesa ba. A 2 Korintiyawa 5:8 ya sake faɗa, rabuwa da jiki zama ne wurin Ubangiji. Ga ɓarawon nan a kan gicciye, Luka 23:43, wanda Yesu ya yi wa alkawarin Firdausi a ranar. Ga Istifanus mai sunana, ana jifansa yana roƙon Ubangiji Yesu ya karɓi ruhunsa.

Amma ina da magana da masu wa'azinmu na jana'iza. Sun mayar da zuwa sama shi ne ƙarshen labari. A wa'azin minti arba'in ba za ka ji an ambaci tashin matattu ba sai a bakin kabari, cikin gaggawa, lokacin da rana ta dami kowa. Alhali kowace Lahadi muna tsayawa mu ce mun gaskata da tashin jiki da rai madawwami. Manzanni ba su zaga duniya suna shelar cewa rai yana fita ya tafi wani wuri mai kyau ba, Helenawa da yawa sun riga sun yarda da haka. A Atina, Ayyukan Manzanni 17:32, sun saurari Bulus har sai da ya ambaci tashin matattu, nan ne waɗansu suka fara yi masa ba'a. Abin da aka yi wa ba'a ɗin nan shi ne bishararmu.

Malam Iliya:
Baba, ina gaisuwa da girmamawa. Sakin layinka na ƙarshe na sa hannu a kai ɗari bisa ɗari. Na farkon ne ban yarda ba, kuma ku yi mini haƙuri in faɗi dalili, tun da ni ma ɗan Adventis ne, mai sujada ranar Asabar, kamar maƙwabcin ƙanwata Rifkatu.

A Farawa 2:7 Allah ya siffata mutum daga ƙasa, ya hura masa numfashi, mutum ya zama rayayye. Ƙasa da numfashin Allah ne suka haɗu suka zama mutum. In sun rabu, ƙasa ta koma ƙasa, numfashi ya koma wurin mai shi, kamar yadda Mai-Wa'azi 12:7 ya ce. Mai-Wa'azi 9:5 kuma bai ɓoye ba: masu rai sun san za su mutu, matattu ba su san komai ba. Zabura 115:17 ta ce matattu ba sa yabon Ubangiji. To waƙar da aka ce Baba yana yi, daga wace aya aka samo ta?

Dubi Li'azaru na Betanya. Yesu da bakinsa ya ce abokinmu yana barci, zan je in tashe shi. Kwana huɗu yana kabari. Da a ce yana cikin ɗaukaka kwana huɗun nan, dawo da shi duniyar ciwo da yunwa ba alheri ba ne. Ya fito kuma ba a rubuta ko kalma ɗaya ta abin da ya gani ba. Bitrus a ranar Fentikos, Ayyukan Manzanni 2:34, ya ce Dawuda bai hau sama ba. Dawuda fa!

Batun ɓarawo kuwa, ranar Lahadi da safe Yesu ya ce wa Maryamu Magadaliya bai hau wurin Uba ba tukuna, Yohanna 20:17. Ta yaya suka haɗu a sama ranar Juma'a?

Wannan koyarwa ba ta da ban tsoro, Rifkatu. Wanda ya rufe ido cikin Ubangiji, abu na gaba da zai sani shi ne fuskar Yesu. Ko shekara dubu ta wuce, a wurinsa ƙiftawar ido ce. Ba ya jin sanyin firij, ba ya ganin hawayenki, ba ya jin rigimar dangi a kan kuɗin akwati.

Yakubu:
Malam Iliya, sannu da ƙoƙari. Ina karatun tauhidi a Legon, kuma wannan batu ya sha kawo gardama a ajinmu. Tambaya biyu gare ka. Ru'ya ta Yohanna 6:9 zuwa 11: rayukan waɗanda aka kashe saboda Maganar Allah suna ƙarƙashin bagade, suna kira da ƙarfi, har yaushe, ya Ubangiji? Aka ba su fararen riguna aka ce su ƙara hutawa kaɗan. Sun san an zalunce su, sun san ba a yi shari'a ba tukuna, sun san lokaci yana tafiya. Sai kuma Luka 16, mai arziki da Li'azaru matalauci: mai arzikin yana roƙo a aika wa 'yan'uwansa biyar da ke gida. Wato duniya tana nan tana tafiya, shi kuma yana sane.

Malam Iliya:
Ɗan'uwa Yakubu, Luka 16 misali ne. In ka ɗauke shi a zahiri, sai ka yarda 'yan sama suna hira da 'yan wuta, kuma ɗigon ruwa a kan yatsa yana kashe ƙishin mai ƙuna. Darasinsa a ƙarshe yake: suna da Musa da annabawa, su saurare su. Ru'ya kuma wahayi ne cike da alamu. Jinin Habila ma ya yi kuka daga ƙasa a Farawa 4:10, ba wanda ya ce jini yana da baki.

Yakubu:
Na yarda misali ne. Amma Yesu bai saba gina misali a kan abin da babu shi ba: manomi, makiyayi, mace da ta ɓatar da kuɗi, duk abubuwa ne da ke faruwa. Kuma a kan dutse Musa da Iliya sun tsaya suna magana da shi, Musa kuwa an rubuta mutuwarsa da binne shi a Kubawar Shari'a 34.

Malam Iliya:
Mu mun fahimci an ta da Musa ne musamman, Yahuza aya 9 tana nuna gardama a kan jikinsa. Iliya kuwa bai mutu ba.

Katekis Bitrus:
Salamar Ubangiji. Rifkatu, sannu da rashi. Bari in yi magana a madadin gwaggonki, don kada a ɗauka abin da ta yi jahilci ne.

Da farko in share wani kuskure da ake yawan jingina mana. Ikilisiyar Katolika ba ta koyar da cewa akwai dama ta biyu bayan mutuwa. Ibraniyawa 9:27 tamu ce mu ma: mutuwa sau ɗaya, sannan shari'a. Furgatori, wato tsarkakewar rai bayan mutuwa kafin shiga sama, na waɗanda suka riga suka tsira ne, suka mutu cikin alherin Allah, amma da sauran dauɗa a zuciya. Ru'ya 21:27 ta ce ba abu marar tsarki da zai shiga birnin Allah. Ku dubi kanmu da gaskiya. Mutum nawa ne a cikinmu zai mutu yau ba ƙullin kowa a ransa, ba son kuɗi, ba girman kai? Allah ne yake ƙarasa wankin, da jinin Almasihu, ba da wani abu dabam ba. A 1 Korintiyawa 3:15 Bulus ya yi maganar wanda aikinsa zai ƙone, shi kansa ya tsira, amma kamar ta cikin wuta.

Addu'a domin matattu kuma ba Turawan mishan ne suka ƙirƙiro ta ba sa'ad da Fadoji suka iso Navrongo a 1906. A 2 Makabiyawa 12, Yahuza Makabi, shugaban yaƙin Yahudawa, ya tara kuɗi ya aika Urushalima a yi hadaya domin sojojinsa da suka mutu, marubucin kuma ya ce ya yi haka ne don yana sa zuciya ga tashin matattu. A nan Afirka, a Kartaj, Farfetuwa da aka kashe a 203 saboda bangaskiya ta yi wa ƙanenta da ya mutu yana yaro addu'a tana kurkuku. Monika, mahaifiyar Agustin, da za ta rasu a Ostiya a 387, ta ce wa 'ya'yanta su binne ta ko'ina, kada ya dame su, abu ɗaya take roƙo, su tuna da ita a bagaden Ubangiji. Shi ya sa ranar 2 ga Nuwamba za ku gan mu a makabarta muna addu'a, Fada yana yayyafa ruwa a kan kaburbura.

Kuma Mama Asabe, ki gafarce ni. Saƙonki na farko a nan, Allah ya ji ƙan Baba kika ce. Kowa a zango haka yake cewa, Musulmi da Kirista. Wannan addu'a ce domin mamaci.

Mama Asabe:
Katekis, na faɗa, zan kuma sake faɗa, domin miƙa shi nake yi ga jinƙan Allah da aka riga aka ba shi a kan gicciye. Ba cewa nake yi yana wani wuri yana jiran addu'ata ta fitar da shi ba. Makabiyawa ba ya cikin littattafai 66 da muke karantawa. Yesu ya ce an gama. Ɓarawon nan bai yi baftisma ba, bai mayar da abin da ya sata ba, ba a ce masa ya biya ta wani wuri ya yi wanka tukuna ba. 1 Yohanna 1:7 ta ce jinin Yesu yana tsarkake mu daga dukan zunubi. Dukan. In akwai sauran da za a wanke bayan mutuwa, to me ya rage wa jinin?

Katekis Bitrus:
Mama, jinin bai rage komai ba, mu ne muke rage karɓa. Gafara a take ce, amma sāke hali yana ɗaukar lokaci, ke ma kin sani daga zumuntar mata. Namu littattafan 73 ne, kuma ikilisiyoyin Gabas, su Girka da Habasha da Kibɗawan Masar, duk suna addu'a domin matattu ko da yake ba su bayyana abin kamar yadda muke yi ba.

Yakubu:
Bari in ƙara ɗan tarihi, don mu ga cewa gardamar nan ta girmi kakanninmu. Yustin Shahidi, a ƙarni na 2, ya yi kakkausar magana a kan masu cewa babu tashin matattu, rai kawai ake ɗauka zuwa sama da zarar an mutu. Ireniyus na Liyon ya koyar da cewa rayuka suna jira a wurin da Allah ya shirya musu har ranar tashi. A 1331 Paparoma Yohanna na 22 da kansa ya yi wa'azi cewa tsarkaka ba sa ganin fuskar Allah sai bayan shari'ar ƙarshe. Malamai suka tayar da ƙura, ya janye maganar kafin ya rasu a 1334, magajinsa Benedik na 12 ya yanke a 1336 cewa tsarkakakkun rayuka suna ganin Allah tun kafin tashin jiki. Furgatori an bayyana shi a majalisar Liyon ta 1274, da ta Fulorens a 1439, da ta Tirent a 1563, wadda kuma ta umarci bishop-bishop su hana duk abin da ke warin neman riba a cikin lamarin, bayan rikicin da Martin Luta, jagoran Furotesta, ya tayar a 1517. Luta ya sha kiran mutuwa barci. Kalbin, wani jagoran Furotesta, kuwa tun yana saurayi, a 1534, ya rubuta raddi ga masu cewa rai yana barci.

Abin lura shi ne shaidar bangaskiya da aka kammala a Konstantinoful a 381, wadda Katolika da Angilikan da Presbiteriya da Metodis duk suke riƙe da ita. Ba ta ce uffan a kan halin matattu tsakanin mutuwa da tashi ba. Ta ce muna sauraron tashin matattu da rayuwar zamani mai zuwa. Ni dai ina tare da Baba Istifanus cewa matattu cikin Almasihu suna sane, suna hutawa wurinsa. Amma Ru'ya 6 da na kawo wa Malam Iliya tana gyara namu wa'azin ma: rayukan nan ba su ce sun iso ba, cewa suke har yaushe. Su ma jira suke yi.

Rifkatu:
Na gode ƙwarai, ina karantawa ɗaya bayan ɗaya. Bari in fito da abin da ke ƙasan zuciyata, wanda ban faɗa ba da farko. Tsofaffinmu na gida sun ce muddin ba a yi wa mutum bikin mutuwarsa ba, bai isa wurin kakanni ba, yana yawo tsakani, yana iya fushi ya taɓa yara. Matar wana 'yar Asante ce, ita ma ta ce sai an sa masa kuɗi da ƙyalle a akwati domin hanya. Shekaranjiya Inna ta yi mafarki da shi yana tsaye a ƙofa ba takalmi. Tun daga nan ba ta barci. Wata ta ce mu je wurin wani annabi ya faɗa mana abin da Baba yake so.

Baba Istifanus:
To, yanzu muka zo kan maganar. 'Yata, ki ji ni da kyau. Ni da Katekis da Malam Iliya mun saɓa a sama, amma a nan bakinmu ɗaya ne, in na yi ƙarya su tsayar da ni. Mahaifinki ba ya yawo. Ba ya tsaye a ƙofar kowa. Ba ganga, ba saniya, ba giyar da za a zuba a ƙasa, ba kuɗin akwati da zai matsar da shi taki ɗaya daga inda yake. Romawa 14:8 ta ce ko mun rayu ko mun mutu, na Ubangiji ne mu. Romawa 8:38 ta lissafa abubuwan da ba za su raba mu da ƙaunar Allah ba, mutuwa ce ta farko a jerin. Mabuɗan mutuwa suna hannun Yesu, Ru'ya 1:18, ba a hannun shugaban dangi ba.

Mafarkin Innarki kewa ce. Shekaru tana jin takunsa a ƙofar nan, dole zuciya ta nemo shi da dare. Ku zauna da ita, ku yi addu'a tare, kada a bar ta ta kwana ita kaɗai.

Malam Iliya:
Baba ya faɗi gaskiya. Kada ku je wurin mutumin nan. Kubawar Shari'a 18:10 zuwa 12 ta hana tuntuɓar matattu. Saul ya je wurin matar Endor da dare, gari ya waye masa da mugun labari.

Katekis Bitrus:
Haka ne. Muna roƙon Allah domin matattu, ba ma kiransu su zo su yi magana. Duk wanda ya ce a biya shi ya ji ta bakin mamaci, ku guje shi.

Alhaji Sani:
Assalamu alaikum. Ni baƙo ne a wannan muhawara, Rifkatu 'yar ƙanwata ce, ita ta sa ni cikin zauren saboda shirin jana'iza. Ba zan shiga tsakaninku a kan Littafinku ba. Mu a wurinmu akwai barzahu, akwai tambayar kabari, sannan tashin kiyama, kuma muna yi wa mamaci addu'a da sadaka. Mun yarda kamar ku cewa jikin nan za a tashe shi.

Abin da nake roƙo na duniya ne. Mu in mutum ya rasu da safe a Aboabo, kafin la'asar an yi masa wanka da likkafani, an sallace shi, an kai shi makabartar Tafo. Kuka yana da zafi amma yana da iyaka. Ƙanwata kuwa yau sati bakwai tana cikin baƙaƙen kaya, ba kasuwa, ba barci, kuɗin firij yana hawa kullum, ga kuma Disamba da nisa. In addininku bai wajabta wannan jira ba, ku manya ku taimaka mana mu yi wa dangin mijinta magana.

Mama Asabe:
Alhaji, Allah ya saka da alheri. Bai wajabta ba ko kaɗan. Ubangijinmu kansa a ranar da ya mutu aka sa shi a kabari kafin rana ta faɗi. Wannan al'adar ajiye gawa wata uku, wata shida, mun same ta ne a nan kudu, da allon hoto a bakin titi da rumfuna da ɗinkin kaya iri ɗaya. Na ga gwauruwar da aka gama biki ranar Lahadi, Litinin masu bashi suka yi mata layi, yaranta biyu suka bar makaranta. A 2020, da gwamnati ta ce kada jana'iza ta wuce mutum 25 saboda korona, waɗansu sun ƙi binnewa har ɗakunan ajiye gawa suka cika, waɗansu kuma suka binne nasu cikin natsuwa. Waɗanda aka binne da mutum ashirin ba za su tashi a baya ba.

Baba Istifanus:
Asabe, ina tare da ke, amma mu yi wa dangin adalci. Yusufu ya sa aka yi wa gawar mahaifinsa Yakubu magani kwana 40, Masarawa suka yi makoki kwana 70, sannan aka ɗauke shi har Kan'ana, Farawa 50. Shi ma Yusufu ya sa aka rantse za a tafi da ƙasusuwansa. Saboda haka ɗa ya so ganin fuskar ubansa, ko a kai mutum gida Bawku ko Bolga, ba zunubi ba ne. Zunubin shi ne a yi don tsoron mamaci, ko don a ce gidan wane sun yi biki, gwauruwa kuma tana shan wuya. Alhaji, ni da Katekis za mu zo gidan ranar Alhamis bayan la'asar, in ya yi maka.

Alhaji Sani:
Ya yi. Allah ya kai mu.

Danjuma:
Iyayena, ni tambayata dabam ce. Ni direba ne, hanyar arewa nake bi. Kun tuna hatsarin hanyar Kintampo na Maris 2019, da manyan motoci biyu suka yi karo wuta ta tashi, aka binne mutane da yawa a kabari ɗaya don ba a gane su ba. Duk sa'ad da na wuce wurin sai jikina ya mutu. Ina da aboki kuma da ya bi ta Libiya, ya shiga jirgin ruwa, har yau ba gawa ba labari. Mahaifiyarsa ba ta da kabarin da za ta nuna. Kuna ta cewa tashin jiki. Wanda ya zama toka, wanda kifi ya cinye, da wane jiki zai tashi?

Yakubu:
Danjuma, tambayarka an yi wa Bulus ita kusan kalma da kalma, 1 Korintiyawa 15:35. Amsarsa ta manomi ce. Ƙwayar dawa da ka binne a damina ba ita kake tonowa da kaka ba. Ta ruɓe, amma abin da ya fito dawa ce, ba gero ba, kuma daga ita ya fito. Ana shuka jiki cikin ruɓa, a tashe shi ba ruɓa, ana shuka shi da rauni, a tashe shi da iko. Allah ba ya bukatar a adana masa kowane ƙashi. Wanda aka yi wa akwatin gilashi ma ƙasa yake zama, bambancinsa da na Kintampo shekaru ne kawai.

Maƙiyan ikilisiya sun taɓa gwada wannan. A Liyon ta ƙasar Faransa, a 177, bayan an kashe Kiristoci, aka ƙone gawawwakinsu aka zuba tokar a kogin Ron, da nufin a ga ko Allahnsu zai iya tashe su. Ikilisiya ba ta taɓa shakkar tashin waɗannan ba. Game da abokinka kuwa, akwai aya da ta ambaci irinsa kai tsaye: Ru'ya 20:13, teku ta ba da matattun da ke cikinta.

Danjuma:
To mahaifiyarsa za ta gane shi?

Malam Iliya:
Za ta gane shi. Yesu da ya tashi ya ce wa almajirai su taɓa shi, fatalwa ba ta da nama da ƙashi, ya karɓi gasasshen kifi ya ci a gabansu, Luka 24:39 zuwa 43. Toma ya ga gurbin ƙusoshi. Filibiyawa 3:21 ta ce zai sāke jikinmu ya zama kamar nasa. Bulus kuma ya rubuta 1 Tasalonikawa 4 ne musamman ga masu makoki, ya ce matattu cikin Almasihu za su fara tashi, sannan a ɗauke mu tare da su. Yakubu, ka lura da abin da ya ba su su ta'azantar da juna da shi: ƙaho da tashi. Bai ce musu 'yan'uwanku suna sama suna kallonku ba.

Yakubu:
Na lura, Malam. Ka duba aya 14 kuma, ta ce Allah zai kawo su tare da Yesu. Ba a kawo wanda ba ya wurin. Mu ci gaba da wannan bayan Asabar ɗinka.

Danjuma:
Na gode. Gobe da asuba ina da lodi zuwa Bawku, zan biya wurin tsohuwar. Ba ta karatu, Hausarta ma kaɗan ce, da Kusasanci zan faɗa mata. Yakubu, turo mini ayar teku da ta Tasalonikawa a saƙon murya, in saurara a hanya in riƙe su da ka.